Ranar da Na Wanke Injin Malam

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko da kuwa tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina ɗaya bayan ɗaya. Ni ba mace ba ce da aka sani da abin kunya. Ku shiga layinmu a Samaru ku tambaya. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta a bango zan wuce shi ban gaishe shi ba, amma akwai abu guda da ba a ja da ni a kansa, wato wankin tasa. Tun ina amarya, in hannuna ya bi ta kan tagulla sai mutum ya ga haƙoransa a ciki. Toka, jiƙon tsamiya, ɗan lemun tsami, sai ƙarfin damtse. Har daga Palladan ake aiko mini da kayan jere in za a kai yarinya ɗaki. Ku riƙe wannan a ranku, don shi ne ya kai ni ya baro.

Maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, mai walda ne. Rabin ƙofofin ƙarfen da ke unguwar nan hannunsa ne. Yana da wani injin walda da ya sayo a Sabon Gari tun ina goyon fari, a wajen wani Inyamuri mai gyaran kayan wuta da ake kira Oga Bene. Ranar da aka kawo shi a amalanke, ƙarti huɗu ne suka sauke shi suna nishi. Kore ne, ya kai buhun masara tsayi, da wani abin murɗawa a ka kamar sitiyarin mota, da allura a gaba mai rawa in an kunna. In ya fara gurnani har a ƙirjinki za ki ji, kofunan shayi na kaɗawa a kan tire. Malam ya gina masa ɗan ɗaki a gefen zaure, ya sa masa kwaɗo, makullin kullum a aljihunsa. Ni a zatona ɓarayi yake gudu.

Da Malam ya rasu, ɗakin ya zauna a rufe shekara goma sha ɗaya. 'Ya'yana babu wanda ya gaji sana'ar, duk sun zama mutanen ofis. Sai jikana, wanda aka sa wa sunan Malam (don haka ba na kiran sunan, Magaji nake ce masa), ya gama karatun injiniya, ya yi aikin kamfani a Kaduna har ya gaji, ya dawo ya ce shi a gida zai kafa wajen aikinsa. Ya ce zai ƙera teburin walda da hannunsa, ya tashi injin kakansa.

Ranar da ya faɗa mini, ban ci abincin kirki ba don murna.

Mako biyu gidan nan ba a jin komai sai ƙarar zarto da guduma. Ya je shagunan PZ ya sayo dogayen ƙarafa, ya samo wani faffaɗan ƙarfe mai kaurin yatsa wanda zai zama saman teburin. Ya auna, ya yanka, ya sake aunawa. Ni kuma na kafa kujerata a bakin ƙofa ina ba da umarni.

"Magaji, ƙafar nan ta fi 'yar'uwarta."

"Amarya, da ido kika auna?"

"Da idon da na zaɓi kakanka, mara kunya."

Ya ɗauko abin awo ya gwada, sai ga shi kuwa ta fi da kaɗan. Daga ranar kaina ya ƙara girma, kuma ba alheri ba ne.

Da yake injin Malam bai tashi ba tukuna, sai ya aro wani na zamani wajen abokinsa yana haɗa ƙarafan da shi. Wani ɗan abu kamar jakar hannu, da maɗauri ana rataya shi a kafaɗa. Na ce masa wannan ko ɗan kunnena ba zan ba shi ya liƙa ba. Ya yi dariya ya ce yana aiki, amma ba zai ga jikokinsa ba. Ya ce na da an yi su ne don su daɗe, jan ƙarfe zalla ne a ciki, ba a yi musu rowa ba. Ya fito da sauran kayan Malam ya jera, da rediyon nan mai katako da sai ta yi ɗumi kafin ta yi magana, da fanka mai fukafukin ƙarfe, yana shafa su kamar ya ga 'yan'uwa. Sannan ya nuna mini wani ƙarfe guda da zai ratsa tsakanin ƙafafun teburin na gaba.

"Wannan na bar shi. Injin Kaka ne zai liƙa shi, shi ne aikinsa na farko. Ranar Asabar."

To ni ba a gaya mini irin wannan magana in yi shiru. Kafin la'asar duk layin sun ji. Na aika wa ƙannen Malam a Basawa. Na sa aka jiƙa shinkafar waina. Magaji kuma ya je har Sabon Gari ya gayyato Oga Bene, wanda ashe yana nan da ransa, ya tsufa tukuf amma bai bar shago ba.

Ranar Juma'a da safe Magaji ya kwance murfin injin, ya hure ƙura, ya duba wayoyi, ya sa wani abin gwaji nan da can. Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, kamar jiya aka rufe shi." Ya bar murfin a jingine, ya ce daga masallaci zai wuce kasuwa neman kebur da sandunan walda, sai yamma.

Na leƙa.

Jama'a, abin da na gani ya tsaya mini a rai. A cikin injin akwai wani ƙaton naɗi na waya mai kauri, an naɗa ta an sake naɗawa, kamar gammo a kan gammo. Kuma baƙi ƙirin, da wani dafkakken abu mai ruwan makuba ya bushe a jiki, irin na gindin tukunyar da ƙazama ta yi shekara ba ta kankare ba. Na sa farce na ɗan karce gefe. Sai ga ja ya leƙo, ja mai kyau, irin na tasar da uwata ta ba ni.

Na ce a raina, wato shekara arba'in Malam na zaune da wannan dauɗa, gobe kuma baƙi za su zo, mai yiwuwa a buɗe a nuna musu. A gidana. Ni da ake aiko wa da kayan jere daga Palladan.

Na leƙa katanga na kira maƙwabciyata Talatu, mutuniyar ƙauyen bayan Giwa ce, mun fi shekara talatin muna tare, ita tana zuwa cocinta ina zuwa islamiyyata. Na ce ta ba ni tsamiya mai tsami sosai. Ta kawo da kanta, ta tsaya tana riƙe mini kwano.

Ban taɓa yin aiki irin na ranar ba. Abin ya yi taurin kai, toka ta kasa, sai da na haɗa da soson ƙarfe. Inda soso bai shiga ba na sa tsinke, inda tsinke ya karye na sa bakin wuƙa, ina bi tsakanin waya da waya ina fito da baƙin nan. Har wasu tsummokara na tarar a ciki da 'yan takardu sun ƙeƙashe, na zare su tas ina yi wa Malam faɗa a zuci. Na ɗauraye, na goge da tsohon zane, na buɗe taga iska ta busar. Da rana ta faɗo a kansa, sai da Talatu ta kare ido.

"Hajiya, wannan ko a ɗakin amarya aka ajiye shi ya zauna."

Na ce ta rufe bakinta sai gobe, so nake in ba su mamaki. Muka ɗaga murfin mu biyu muka mayar. Da Magaji ya dawo a gajiye ya ga an rufe, sai ya ce, "Amarya, kin kyauta, kada ƙura ta koma." Ya ɗaure notuna bai leƙa ba. Ni kuwa ina ta murmushi kamar wadda aka yi wa albishir.

Asabar tun hantsi gida ya cika. Maza a zaure da ƙofar ɗakin, mata a tsakar gida suna leƙe. Teburin na tsaye a tsakiya, an shafa masa baƙin fenti, ƙarfen nan guda na jiran a liƙa shi. Na ci ado da leshina mai ruwan goro. Oga Bene ya iso a Keke, da sandarsa da hularsa, Hausa a bakinsa kamar a Tudun Wada aka yanke masa cibiya. Ya dafa injin yana shafa shi.

"Uwargida," ya ce, "ni na naɗa wayar cikin nan da hannuna, ina saurayi. Kwana tara. Irinsa uku na yi, biyu an sayar wa masu gwangwan. Wannan ne ya rage."

Na ce, "Oga Bene, ai yau za ka ga yadda ake riƙon kaya."

Saura wuta. Masu wuta kuwa kun san halinsu. Muka ci waina, muka sha zoɓo, aka yi azahar, ana ta kallon ƙwan fitilar zaure. Ni kuma na samu fili, ina ba da tarihin injin tun daga amalanke, ina ƙarawa da gishiri. Wajen ƙarfe biyu da rabi ƙwan ya kama. Yara suka sa ihu a layi.

Magaji ya sa safar hannu, ya ɗauki garkuwar fuskar kakansa, ya yi bisimilla. Ya dube ni ya ce, "Amarya, ke za ki kunna."

Na taka a hankali don kowa ya ga leshin. Na ɗaga abin kunnawa.

Ya yi gurnani, amma ba irin wanda na sani ba. Wannan kamar an shaƙe rago ne. Allurar ta buga ƙarshe ta dawo. Sai wani tas-tas-tas, sai ƙara guda kamar tayar babbar mota ta fashe, shuɗiyar wuta ta haska ta ramukan murfin. Ƙwan zaure ya mutu. Hayaƙi ya turnuƙe. Ƙanin Malam, mutum mai shekara saba'in da ciwon gwiwa, ban san lokacin da ya kai bakin titi ba. Ni kuma na tsinci kaina a bayan Talatu, ɗankwalina a hannu.

Magaji ya fizge wayar daga bango. Da hayaƙi ya lafa, babu wanda ya ji ciwo, sai tari. Sai ya kwance notunan, ya ɗaga murfin.

Gefe guda ya ƙone ya narke. Amma sauran, wallahi, sai walƙiya yake yi.

Oga Bene ya gyara tabarau. Ya sunkuya. Ya shinshina, ya sake shinshinawa.

"Magaji, tsamiya nake ji."

Na fara ja da baya a hankali. Da a nan aka tsaya, da na samu na sulale ɗaki. Amma Talatu, baiwar Allah, ita ƙyallin kawai ta hango daga inda take, ta zaci lokacin yabo ne ya zo. Sai ta rangaɗa guɗa.

"Aikin Hajiya ne. Tun safe har la'asar tana kankara, ni na riƙe mata kwano. Ku duba da kyau, ko ɗigon baƙi ba ta bari ba."

Ido ya fi arba'in ya juyo kaina. Na nemi ƙasa ta tsage, siminti ne, Malam da kansa ya zuba shi.

Oga Bene bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Uwargida, baƙin nan da kika cire ba datti ba ne. Rigar wayar ce. Shi ke hana wannan ta taɓa wannan. Sau uku na tsoma ta a ciki, ina shanyawa." Sai dariya ta fara girgiza masa kafaɗu. "Allah ya jiƙan mijinki. Ranar da ya zo sayen kwaɗon ɗakin nan na ce masa, wa zai iya sace abin da mutum huɗu ke ɗauka? Ya ce, Bene, ba ɓarawo nake tsoro ba. Matata ba ta iya ganin jan ƙarfe ta wuce."

Zauren ya fashe da dariya, har da na bakin titi da ya dawo yana ɗingishi. Magaji kaɗai bai yi ba. Yana tsugune, ya dafa injin, ya kafe shi da ido. Wannan ya fi dariyar ciwo. Na matsa kusa da shi.

"Magaji, na kashe shi ko?"

Sai ya dubi Oga Bene. Tsohon ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa baƙin ƙarfen da wayar ke naɗe a kai, ya kasa kunne.

"Zuciyar na nan. Waya ce ta tafi. Idona ya mutu, amma kai naka na gani. Ka kawo shi shago, ni in faɗa, kai ka naɗa."

Mako uku Magaji na sammako zuwa Sabon Gari. Ni kuma mako uku ban leƙa ko ƙofar gida ba, don yaran layi sun sa mini Hajiya Tsamiya. Da aka dawo da injin, ya kira ni ya buɗe mini. Sabon naɗi, an tsoma shi a wannan abu mai ruwan makuba, muni kamar gindin tukunya. Hannuna ya yi ƙaiƙayi, na tura shi cikin zane.

Wannan karon ba waina, ba gayya. Mu uku ne da Oga Bene. Ya yi gurnaninsa na da, wanda ake ji a ƙirji, kofin shayin tsohon na kaɗawa a kan tire. Tartsatsi ya zubo, ƙarfen nan guda ya kama, teburi ya cika. Na juya baya wai hasken ne ya sa mini hawaye.

Aiki na biyu da injin ya yi, sabuwar maratayar kwaɗo ce a ƙofar ɗakin. Makullin na aljihun Magaji.

Tsohuwar wayar kuwa na hana a sayar. Tana ɗakina a saman kabad, tsakiyar tasoshina, kuma duk Juma'a ina goge ta, tunda yanzu ba abin da zan ƙara ɓatawa. Abin da na koya a tsufana shi ne, in na ga baƙi a jikin abin da ba nawa ba, in fara tambaya ko wani ne ya sha wahala ya shafa shi. Rediyon Malam ma na lura bayanta ya yi duhu ƙwarai. Na dai tambaya. An ce in bari.