Mi Ya Hana Su Tahi Lugu?

Ba zan taɓa mantawa ba da yinin bikin wani abokina a Dogon Dutsi, cikin ƙasarmu ta Arewa, zamanin Nasara yana nan, ina sabon mushe a lakwal, wato malamin makarantar boko. Littattafan Faransanci na kisan kai sun cinye mini kai, irin waɗanda wani gwani ke bin sawu har ya kama mai laifi. Sai na ce ai ni ma zan iya. Wata shida ina cika kaye, littafin rubutu na 'yan makaranta, da labarin wani falke da aka tsinci gawarsa bakin rijiya, a zamanin kakanninmu, tun Nasara bai zo ba. Na yi wa raina alkawari: in jama'a suka so shi, in ci gaba da rubutu, in ba su so ba, in ƙone.

Bayan la'asar, ana zaune a rumfa, na tashi da farin wandona (ga alƙalami biyu a aljihu, ɗaya ma ba ya rubutu) na fara karantawa da Hausa. Wallahi da farko an yi tsit. Gwanina ya auna sawu, ya shinshina ƙwarya, ya duba agogonsa. (I, agogo. A zamanin kakanni. Ku bar ni kawai.)

Ina shafi na tara sai Gwaggo, yayar mahaifina, ta tofar da goro ta ce, "Kai mushe, tsaya. Mutanen nan na Arewa ne?"

Na ce, "Na Arewa ne, Gwaggo."

"To mi ya hana su tahi Lugu su tambayi Tunguma? Kwana ukku sunka yi suna shinshinar ƙwarya kamar karnai!"

Tunguma shi ne dutsen shari'a na garin Lugu, wanda mutanen zamanin da suke kai wa ƙara in abu ya shige duhu. Kowane yaro ya san shi. Ni da na yi karatu na manta da shi sarai, don babu shi a littattafan Nasara.

Rumfa ta ɗauki dariya. Ango har da riƙe ciki. Wani tsoho ya ce gwanin nawa dai baƙo ne, a ba shi ruwa ya wuce. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona, ga sauran shafi arba'in a hannuna.

Na naɗe kayen zan sulale, Gwaggo ta riƙe mini riga. "Zamna, ɗan banza, ai ina son in san wa ya kashe shi. Ka sa mutum guda ya hana a tahi wurin dutsen. Duk mu sa mashi ido. Daga baya a gane ba shi ba ne, ɗiyatai yake rufa ma asiri."

Nan take rumfar ta kaure da gardama. Wannan ya ce uban ya yi daidai, wancan ya ce Allah ya tsine. An yi ta yi har tuwo ya huce, kan labarin da ban ma rubuta ba tukuna.

Ban ƙone kayen ba. Na sake shi daga farko, kowace Alhamis ina kai wa Gwaggo shafi biyar da goro biyu, tana zagina ina gyarawa. Ranar bikin nan na gane cewa mai sauraro zai yafe maka agogon ƙarya, amma ba zai yarda ka mai da kakanninsa wawaye ba. Tun daga nan, kafin in kashe kowa a takarda, sai na fara tambayar tsohuwa.