Azumin Hadiza da tafiyata Lome

Ranar da na kai Hadiza wurin likitar mata ba za ta fita raina ba. Shekara shida da aure, shago biyu na kayan babur a Wadata, gida a Gudel mai ɗakuna huɗu, amma ba yaron da zai ɓata mana bango da gawayi.

Ni ɗan kasuwa ne, in kaya suka ƙi fita sai na gano dalili. Na duba na ga matata ba ta rabuwa da azumi: Litinin da Alhamis, sitta Shawwal, ga Ramadan. Wani maƙwabcina a kasuwa (mai sayar da taya ne, ku ji inda na ɗauko ilimi) ya ce yunwa na busar da ƙwan mace. Na hana ta nafila. Ba ta yi musu ba, ta dai ce, "To, Alhaji."

A asibiti ban bari ta buɗe baki ba. Na zayyana wa likita komai kamar ni na yi karatun. Matar, Badamagariya ce, ta bar ni na gama, sannan ta duba analiz ɗin, wato sakamakon gwajin da aka yi wa Hadiza.

"Alhaji, sinadaran jikinta lafiya lau, ƙwai na fita kowane wata. Azumi yakan ɗan motsa kwanakin wasu mata, amma mai lafiya da ke sahur da buɗa-baki, bai cika hana ta ɗaukar ciki ba. Hajiya, kina gane kwanakin fitar ƙwan?"

"Ina ganewa."

"Maigida na gida lokacin?"

Hadiza ta sunkuyar da kai. "Yana Lome, sarin kaya."

"Kowane wata?"

"Wani lokacin yana hanya."

Ma'aikaciyar jinya ta juya mana baya, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na cire hula na mayar, na rasa inda zan ajiye idona.

A mota na ce, "Me ya hana ki faɗa mini?"

"Azumin nan, Alhaji, roƙon Allah nake ya zaunar da kai gida."

Yanzu ƙanena ke zuwa Lome. Ba ya iya ciniki, kullum sai an cuce shi, shago ɗaya ma na rufe. Ɗan bai zo ba tukuna, muna jira. Amma yau in ta tashi sahur ba ita kaɗai take ci ba, tare muke azumin, kuma ban taɓa yin asarar da ta kwanta mini a rai kamar wannan ba.