Aljanin Takanamat

Da aka kai ni koyarwa Takanamat, abin da ya dame ni shi ne Inna, tsohuwata da na bari Tawa, ga sanyi ya kama. Na sayo mata na'urar ɗumama ɗaki, na haɗa ta da akwatin wifi na gida, har da fankarta, don in riƙa kunna su ta waya daga nesa. Ni na sa wa kowace sunanta a wayar, ban ko gwada ba. Mushe guda, malamin makaranta, zai yi kuskure?

Kullum da asuba sai in danna, in ce wa abokan aikina, "Yanzu haka Inna na shan ɗumi. Ɗa nagari ke nan!" Har hira nake yi musu kan ci gaban zamani.

Kwana biyar sai ga kiran yayata Hadiza: "Kai, gidanmu ba lahiya! Kullum asuba hwanka na tashi da kanta, tana hura ma Inna iska. Mura ta kama ta, har malam ya zo ya yi tohi don korar aljani."

Ashe sunayen na musanya.

Da na zo Tawa na durƙusa na faɗi gaskiya, Inna ta dube ni daga cikin bargo biyu, ta ce, "Ashe aljanin ni na haihe shi."

Yau shekara uku, ko atishawa ta yi sai ta ce, "Hadiza, kira Takanamat, ki ce ya rage."