Rikodar da ta Tafi Su

Wani ne, ɗan Zauro, tun zamanin da komai namu sai an kai Sakkwato an sa hannu. Namu ne, Bakabe gaba da baya, saboda haka in na yi masa dariya kaina nake yi wa. Ubansa ya sa shi wata makarantar koyon sana'a a Birnin Kebbi, ajin masu haɗa lasifika da ɗaukar murya a kaset. Ranar tafiya tsohon ya ce masa, "Ka ji ko? In ka ci jarrabawa, ka ci. In ka hwaɗi, ga hwadama nan, tsuntsayen shinkahwa na jiran mai kora." Gogan kuwa tun bai ga makirfo da idonsa ba ya gama shaida wa 'yan matan garin cewa gidan rediyo zai yi aiki. Wallahi ya fi tsoron komawa fadamar nan da mutuwarsa.

Malaminsu Malam Toma ne, mutumin Filato, mai sanyin hali. Ranar farko da ya miƙa wa gogan makirfo, sai ya dubi akwatin ƙara murya, ya ga abin murɗawa, ya murɗe shi har ƙurewa. Kun dai san mu. Wanda ya saba kiran ɗan'uwansa daga wannan gaɓar gulbi zuwa waccan, ina ya san magana a hankali? Ya je ya tsaya dab da lasifika, ya buɗe baki. Kafin ya ce uffan abu ya ɗauki tsuwa, ƙiiii! Ƙadangaru suka zubo daga bango. Mai ƙosan bakin ƙofa ta bar kasko a wuta ta yi ta kanta.

Malam Toma ya toshe kunnuwa yana ihu, "Rage! Kai, rage!"

"Mallam, ai ban ce komi ba tukuna."

"To mun gode wa Allah da ba ka ce ba."

Haka aka yi ta fama da shi har shekara ta zo ƙarshe. Duk abin da aka koyar, biyu ne suka zauna masa a ka. Na ɗaya, kafin kowa ya yi magana a ɗan ƙwanƙwasa makirfo a ji ko tana aiki. Na biyu, in kana ɗaukar taro, rikoda ba ta barin kafaɗarka.

Jarrabawa ta zo. Malam Toma ya ce kowa zai karɓi rikodar makaranta, ya je wani taro ya ɗauko, a kan abin da aka ji a kaset za a ba da maki. Wasu suka tafi suna, wasu wa'azi. Gogan ya ce shi ba ƙaramin ma'aikaci ba ne, su zai ɗauko, wato bikin kamun kifi. Akwai wani babban tafki can gaban Argungu, wajen Gulma, da ake hana kamun kifi a cikinsa shekara guda, sai ranar su. A ranar ma ba mai sa ƙafa a ruwa sai Sarkin Ruwa ya gama ɗaure bakin kadoji, hakimi ya yi jawabi, sannan a harba bindiga. Mai harba bindigar kuwa kawun gogan ne, Kawu Hodi.

Da Kawu Hodi ya gan shi da rikoda a rataye sai ya ce, "Madalla, ɗana! Ga lasihika mun aro don jawabin hakimi, mun rasa mai haɗa ta. Ka iya?"

"Haba Kawu! Wanga ai shi na abincina."

Ya ɗaure lasifika biyu a kan giginya, bakinsu na kallon masunta. Ya jona batirin mota. Ya murɗe abin nan har ƙurewa, don mai hali ba ya fasa halinsa. Masunta kuwa sun yi sahu a bakin gaɓa iya ganinka, kowa da homarsa, wato ragar hannu, da goransa na iyo. Tun hantsi suke durƙushe, ido a ruwa, kunne a bindiga. Hakimi bai iso ba. Sarkin Ruwa yana gefen rumfa, bai ko kai rabin aikinsa ba.

Gogan ya danna jan maɓallin rikoda. Ya gyara tsayuwa don 'yan mata su gan shi. Sai ya tuna da karatu: a ƙwanƙwasa makirfo. Shi kuwa hannun noman shinkafa gare shi. Ya dunƙule shi ya sakar mata.

Daram!

Jama'a, ƙasa ta girgiza. Masunta suka zuba cikin tafki gaba ɗaya, ihu, ƙura, gora na karo da gora. Makaɗa suka ga an shiga, suka saki kiɗa. Kawu Hodi ya tsaya yana juya bindigarsa, yana shinshina bakinta.

"Wa yah harba? Ni dai ga tawa nan cike!"

To, a nan ne abin kunyar yake. Kuna tsammani gogan zai tsaya ya ba da haƙuri? Ina! Bakabe in ya ji ƙarar nan, ƙafarsa ba ta shawara da kansa. Shi da ya buga abin da hannunsa, da ya ga mutane na gudu sai ya ce a ransa, kai, ko dai an harba ɗin ne? Ya fizge homar wani tsoho, ya bi sahu. Rikoda na kafaɗa, yadda Malam ya ce.

Allah da ikonsa, nitsonsa na farko ya ci karo da wani ƙaton giwan ruwa. Ya rungume shi. Kifi na bugunsa, igiyar rikoda na shaƙe shi, shi kuwa murna kamar ya taka rawa a cikin ruwa.

Can a gaɓa Sarkin Ruwa ya rugo rumfa, hankali a tashe. Bai san makirfo a kunne take ba. Ya kama rigar Kawu Hodi ya ce, "Hodi, ka kashe mu! Ban ɗaure kada ko guda ba!"

Lasifika biyu suka kwashi maganar nan suka watsa har tsakiyar tafki. Yadda aka shiga a guje, fitowar ta fi. Mai homa ya bar homa, mai gora ya bar gora. Gogan ya ga ba zai iya iyo da kaya biyu ba, dole ya saki ɗaya. Ga kifi, ga rikodar makaranta. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ba sai na gaya muku ba, kun san irinmu.

Yana fitowa rungume da kifi, motar hakimi na tsayawa. Hakimi ya fito da shirin jawabi, ya tarar da gari guda jiƙe sharkaf suna haki, ba mai iya gaishe shi.

Ranar komawa makaranta gogan ya shiga ofishin Malam Toma da ƙunshin bandar giwan ruwan nan, ya ajiye a kan tebur, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa.

"Sannu da hanya. Ina kaset?"

"Yana cikin rikoda, Mallam."

"To ina rikodar?"

"Tana wurin aiki."

"Wane wurin aiki?"

Gogan ya sunkuyar da kai, ya kwashe labari tsaf ya faɗa. Malam Toma, mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya don fushi ba, ya cire tabarau ya ajiye. Ya dubi bandar nan. Sannan ya ɗauki jan biro.

"Ka nutsar da rikodar makaranta, ka watse taron mutane, ba ka kawo ko tari a kaset ba. Ka faɗi."

Gogan ya miƙe zumbur.

"Haba Mallam, a ka da mutum tun ba a ji aikinai ba? Ni da hannuna na danna ta, tana can ƙasa tana ɗauka. A bari tabkin ya ƙahe a saurara mana!"