Mai Feshin Sauron Maamobi

Shekara ashirin ina ɗinki a unguwar Nima, ban taɓa ganin mai ya cuci keken ɗinki ba. Da wannan ilimin na ari babur ɗin Awudu, ƙanin matata, dogon babur ɗin nan na hawa tudu wanda ake haɗa masa fetur da man inji a tanki ɗaya. Ni zan ja gaban motocin kai ƙanwata gidan miji.

"Yaya, man inji rabin gwangwanin madara a galan ɗaya na fetur," in ji Awudu. "Kada ka ƙara."

Na ce to, a raina kuwa na ce rowa ce kawai. Na juye lita guda cur, har da girgiza kwalbar.

Muna shiga Maamobi, unguwar su ango, na waiwaya. Innalillahi! Babu motoci, babu amarya, lungun kansa ya ɓace cikin hayaƙi. Wani ya kwarma ihu, "Gobara!" Babur ya yi tari ya mutu, kafin in buɗe baki wata mai sayar da waakye, shinkafa da wake, ta sheƙa mini ruwan wanke-wanke a kan sabuwar shaddata. Amarya ta fito tana tari, kwalli na bin kumatunta.

Awudu ya leƙa tankin, ya daɗe yana kallona. "Chale, haba Yaya, ƙosai za ka soya a ciki?"

Har yau, duk daminar da sauro ya addabe su, uwar ango sai ta aiko: "A gaida tela, a ce ya zo ya zaga mana bakin kwata sau biyu."