Fansar Masta Ƙafar-Iska

Duk wanda ya ce jarumai sun ƙare a duniya, to bai taɓa bi ta layin da gidan kallon Masta yake ba. Ga mutum nan Allah ya yi shi, gajere mai tumbi, da jan ƙyalle ɗaure a goshi ko zazzaɓi yake yi. Bai taɓa dukan kowa ba, kuma wannan ita ce babbar shaidar ƙarfinsa, domin a cewarsa hannunsa ya fi ƙarfin jikin ɗan Adam. Mutanen layi suna kiransa Masta Ƙafar-Iska, saboda duk harbin da ya taɓa kaiwa iska ce ta sha shi. Shi kuwa ya ɗauka kirari ne, har ya sa aka rubuta masa a jikin ƙofa.

Iliminsa ba na wasa ba ne. A ɗaki mai tsofaffin benci da talabijin mai ƙeya ya same shi, inda ya yi shekara da shekaru yana haska finafinan Chanis na da, irin waɗanda 'yan daba ke kashe wa saurayi malaminsa a farko, ya hau dutse ya yi ta ɗibar ruwa har ya yi gemu, ya sauko ya gama da bos a ƙarshe. Kaset-kaset ɗin sun tsufa har fuskar jarumi ta koma kore, amma Masta ya ce ai haka fatar mai ƙarfin ciki take. Dokokin faɗa kuwa ya haddace su kaf. Mugaye ɗaya bayan ɗaya suke shigowa, sauran su tsaya gefe suna rawar kafaɗa har layi ya zo kansu.

Ana nan sai aka sace keken ɗinkin matarsa. In za a faɗi gaskiya, wannan keke shi ke riƙe da gidan, don gidan kallo ya daɗe ba ya tara kowa sai sauro da mutum uku masu neman inuwa. Ba a sha wahalar bincike ba. An ga keken a rumfar Ƙwaro, mai sayen tsofaffin ƙarafa a bayan tasha, an lulluɓe shi da buhu, ƙafafunsa a waje.

Matar ta ce, "Maigida, don Allah tashi mu je wurin 'yan sanda tun bai sayar ba."

Masta ya dube ta da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai yi karatu ba. Ya ce, "'Yan sanda? Ke kin taɓa ganin fim ɗin da 'yan sanda suka iso kafin a gama? Wannan ba sata ba ce, cin mutuncin makarantata ne. Maganinta fansa, kuma fansa tana da tsari. Jarumi ba ya tashi haka kawai kamar an tsikari kaza. Sai ya yi horo."

Aka shiga horo. Da yake babu dutse a kusa, matakalar bene ta maƙwabta ta tsaya a madadinsa. Masta ya rataya bokiti biyu a sanda yana hawa yana sauka, rabin ruwan a wandonsa. Ya cika baho da yashi yana caka yatsu, yana yin ƙarar dukan da bakinsa tun da yashin ya ƙi yi. Ɗalibansa biyu, mai aski da mai wankin mota, suna tsaye suna jinjina kai, don ya yi musu alkawarin kallo kyauta har abada.

Ita kuwa matar tana zaune da allura tana ɗinkin hannu, yatsunta duk sun huje. Masu kaya suka fara zuwa suna karɓe yadinsu ɗaya bayan ɗaya, wasu da haƙuri, wasu da baƙar magana. Abin ya ci mata rai ƙwarai, har ta zauna ta yi kuka. Masta ya leƙo ya ga hawayen, ya ji daɗi a ransa, domin a fim a daidai wannan wurin ne ake sa kiɗan sarewa.

Da ya ji jikinsa ya nuna, sai ya sake sabon ƙyalle, ya tafi rumfar Ƙwaro da ɗalibansa a baya. Keken na nan a ƙarƙashin buhu, taku biyu tsakaninsu. Mai aski ya raɗa masa cewa su uku ne, Ƙwaro shi kaɗai, su sunkuci abinsu mana su wuce. Masta ya yi masa tsawa. Jarumi ba ya kai farmaki ba sanarwa, wannan aikin ƙananan 'yan daba ne.

Ya nuna Ƙwaro da yatsa biyu ya ce, "Kai azzalumi! Ka shiga gidana, ka zubar da hawayen iyalina. Ranar Asabar da hantsi, a filin ƙwallo, ni da kai. Ka zo da yaranka duka, ka yi sallama da 'yan uwanka."

Ƙwaro ya ajiye gudumar da ke hannunsa. Ya ce, "Asabar ka ce, Masta? Da hantsi?"

"Da hantsi."

"Kai kaɗai za ka zo?"

"Duk layinmu za su zo su shaida. Har matata, domin wanda aka zalunta dole ya ga ƙarshen azzalumi da idonsa."

Ƙwaro ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Masta ya juya ya dubi ɗalibansa cike da gamsuwa. Ga dariyar bos nan ta zo a kan lokaci, komai yana tafiya yadda aka tsara.

Ranar Asabar layi ya watse, kowa ya yi filin ƙwallo, har masu shago suka ja ƙofa. Matar ba ta so zuwa ba, amma ta ce in dai keke zai dawo, ko rawa aka ce ta yi za ta yi. Masta ya tsaya a tsakiyar fili a kan ƙafa ɗaya, hannuwa a sama, ido a lumshe. Da ƙafar ta sage sai ya sauya, ya ce wani salon ne. Rana ta take. Ya yi wa jama'a bayani cewa bos ba ya zuwa da wuri, sai iska ta taso tukuna. Iska ta taso, ta kawo leda. Wata akuya ta ratsa filin, ta tsaya ta dube shi, ta wuce.

Da yunwa ta kori rabin 'yan kallo, sai Masta ya sauke ƙafa ya ɗaga murya: "Kun gani da idonku! Ya ji tsoro. An ci shi ba a taɓa shi ba, kuma wannan ita ce nasara mafi girma a wannan fanni."

Matar ta ce, "To ina kekena?"

Ya ce keke zai kawo kansa, ta bar gaggawa.

Suka dawo layi Masta na gaba, yana tafe yana amsa gaisuwar da ba a yi masa ba. Sai ga ƙofar gidan kallo a wangale. Babu talabijin, babu bidiyo, babu kwalin kaset, benci ma an zaɓi masu ƙafa huɗu an tafi da su. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, wadda ciwon gwiwa ya hana zuwa fili, tana zaune a bakin ƙofarta. Ta ce Ƙwaro ne ya zo da motar a-kori-kura, keken ɗinki na ciki tun daga rumfa, ya ɗora sauran kayan a hankali ba gaggawa, ya ce garin ma zai bari gaba ɗaya.

"Yaro mai ladabi," in ji tsohuwar. "Har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce in yi maka godiya, Masta. Wai tun da ya fara sana'ar nan, ba a taɓa samun mai gidan da ya tako har rumfarsa ya gaya masa rana da lokacin da ba kowa a gida ba, sai kai."