Rasuwar 'Yar Baƙa, Kyamarar Mahbub

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Mahbub Datti na Lakwaya yake sanar da 'yan uwa da abokan ɗaukar hoto na Gwarzo da Kabo rasuwar kyamararsa, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Talata, a bakin injin casar shinkafa.

Marigayiyar ta zo hannunsa da tsufanta, 'yar gwanjo ce. Ba ta da yawan magana. In ta farka ta ce ziiit, in ta ga abin da ya yi mata ta ce ƙyas, shi ke nan. Ta ɗauki shanun huɗa, ta ɗauki angwaye, ta ɗauki hadari yana haɗowa ta gabas. Ba ta taɓa ƙara wa kowa hasken fatar da Allah bai ba shi ba, abin da ya jawo mata maƙiya a gidajen biki.

Ciwon ajalinta ya soma ne da damina. Danshi ya shiga idonta, kowa ta ɗauka sai ya fito kamar yana tsaye cikin hayaƙin murhu. Mahbub ya kai kuka zauren masu hoto na waya. Wani ya ce a shanya ta a rana. Wani ya ce ya sauke manhajar gyaran hoto, ya sauke, ta cinye masa data, hayaƙin yana nan. Wani kuma, wanda ke rubutu da ƙarfin gwiwa, ya ce a binne ta cikin shinkafa ta tsotse danshin. Bai ce wace iri ba. A Lakwaya kuwa shanshera, shinkafar da ba a casa ba, ke cikin buhu. Mahbub ya tura ta can ƙasa, ya ɗaure, bai gaya wa kowa ba.

Washegari Yaya Tasi'u ya ɗora buhun a babur sai Gwarzo. Mai inji ya ce ya ji wani ƙaras da ba na tsakuwa ba. Yaya Tasi'u ya dawo da ita cikin leda, ya ce, "Kai ma dai, Mahbub, rumbu ne asibiti?"

Ta bar batir biyu, ɗaya cikinsa a kumbure, da caja, da sanda mai ƙafa uku wadda ita ma ƙafarta guda da roba aka ɗaure.

Ta kuma bar aikin da ba ta gama ba. Gwaggo Halima Sa'adiya, yayar mahaifinsa, ba ta da hoto ko ɗaya a duniya, jikinta kuma ya yi nisa. Bana ta yarda a ɗauke ta ranar Asabar, wurin walimar saukar jikarta Zulaiha, da sharaɗi: "Da baƙar abar nan taka, ɗan nan. Ban da waya. Waya yawo take da fuskar mutane." Har yanzu ba a gaya mata rasuwar ba. Mahbub ya je ƙofar ɗakinta, ya gaishe ta, ya juyo.

Za a yi zaman makoki a dakalin ƙofar gida bayan la'asar. Gawar tana cikin kwalin takalmi, sai bayan walima za a kai ta makwancinta a ƙarƙashin gado. Mai kyamarar da zai ba da aro na yini ɗaya, baƙa in da hali, ya daure ya iso kafin Asabar. Masu shawara kuma an gode, an ɗauke musu zuwa.